Shaidar Baba a Shari'ar Yayana

Surukina, mahaifin maigidana, ya rasu a gidansa na Gwarzo cikin damina, ana tsakiyar maimai. Matan unguwa sun ɗauka masu gaisuwa za su zama waɗanda aka saba gani, dangi da abokan masallaci da tsofaffin ɗalibai. Duk sun zo. Amma tun kafin a dawo daga maƙabarta motoci suka fara tsayawa a ƙofar gida, har layinmu ya toshe. Lauyoyi ne daga Kano, wasu da furfura, wasu matasa. An kuma kawo wani tsohon alƙali da ya yi ritaya, ana riƙe da hannunsa.

Mu muna cikin gida, labarin zaure maigidana ne yake kawo mana. Ya ce tsohon alƙalin ya ce musu, “Mahaifinku ya sha cinye mini lokaci a kotu. Ba ya cewa eh ko a'a sai ya gama bayaninsa. Amma duk hukuncin da na yanke a kan maganarsa ban taɓa komawa gida ina shakka ba.” Wani lauya kuma ya ce, “Ni ya taɓa kayar mini da shari'a, alhali ni na kira shi.” Aka yi dariya kaɗan, aka koma addu'a.

Wata maƙwabciya ta matso kusa da Hajiya, surukata, ta ce, “Wai ni Alhaji lauya ne ko likita?”

Hajiya ta ce, “Ba ko ɗaya. Idan abu ya fashe, ko ya ƙone mutum, ko aka ci aka kwanta, shi ake kai wa ya duba ya gaya wa alƙali dalili.”

Ranar sadakar uku Inna, mahaifiyata, ta zo daga Kutama. Ta zauna kusa da ƙofa, ta ce, “Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri.” An kawo mata ruwa ba ta sha ba, kuma ba ta kai azahar ba ta tashi. Waɗanda suka san dalili ba su tsayar da ita ba. Zan faɗi dalilin a nan, domin ba zai yiwu in ba da labarin Baba in tsallake shi ba.

Baba nake ce masa, kuma haka zan rubuta. Ban taɓa faɗin sunansa yana raye ba, ba zan fara yanzu ba. 'Ya'yana sun san shi tsoho mai rediyo da tabarau, mai hana su wasa da batir. Ina so su san sauran.

Ya karanta ilimin haɗa sinadarai, abin da yara a makaranta ke kira kemistiri. Ya koyar a sakandare, daga baya ya koma ɗakin gwaje-gwaje a Kano, a nan lauyoyi suka san shi. Ko da ya yi ritaya ya dawo Gwarzo ba su rabu da shi ba. Za a zo da kwalba a nannaɗe cikin leda, ko guntun ƙarfe da ya ƙone, ko tulin takardu. Zai karɓa, ya tafi Kano ya yi gwaji, ya dawo ya rubuta rahoto, sannan ranar zaman kotu ya sa farar riga ya tafi.

Lokacin da aka kawo ni gidan, abin da ya fara ba ni mamaki shi ne suruki mai shiga madafa. Ba abinci yake dubawa ba. Kwalabe yake dubawa. Wata rana ya tarar na zuba kananzir a robar lemo. Ya ɗaga, ya tsaya daga bakin ƙofa, ni kuma ina durƙushe ina jin kunya.

Ya ce, “Malama, wannan mene ne?” Malama yake ce mini, saboda ina koyarwa a firamare.

Na ce, “Kananzir ne, Baba.”

“Ke kin sani. Yaron da ya shigo da ƙishirwa ya sani?”

Ya tafi da robar, ya aiko mini da galan mai murfi. Bai ƙara tayar da maganar ba.

Da Hajiya kuwa faɗansu ɗaya ne, a kan fiya-fiya, maganin sauron nan da ake sayarwa a ƙananan kwalabe ba rubutu. Ita ta yarda da shi, shi kuma in ya gani sai ya kwashe. Takan ce, “Sauro zai cinye mu saboda bokonka.” Shi kuma ya ce, “Ki gaya mini abin da ke ciki, in bar miki.” Haka suka yi ta yi har tsufa. Ita tana ɓoyewa a bayan kwanukan jerenta, shi yana ganowa da hanci.

Maganar da ya fi yawan yi ita ce, “Ban gwada ba, ban sani ba.” Ko a hirar ƙofar gida ce. In aka ce takin bana jabu ne, ko ruwan rijiyar wane yana sa ciwon ciki, aka juyo gare shi, amsar ke nan. Wasu suna ganin rowar ilimi ce. Ni ma da farko haka na ɗauka.

Wata safiya ya aiko a ce in dafa masa zoɓo, kada in sa sukari, kada in sa citta. Na dafa na tace, ya juye a kwalba ya tafi da shi Kano. Da ya dawo Hajiya ta tambaye shi ko alƙalin ya sha. Sai ya ba mu labari. Wani ma'aikacin masana'antar sabulu ne ruwa ya zubo masa a hannu ya cinye fatar. Masu masana'antar suka ce ba a wurinsu ya samu raunin ba, wai ruwan batir ne ya ƙone shi a shagon wansa mai gyaran mota. Baba ya gwada rigar da mutumin ya sa a ranar, ya samu soda ce mai ƙarfi, irin wadda ake dafa sabulu da ita. To amma yaya zai sa alƙali ya gane bambancin? Sai ya raba zoɓon a kofi biyu. Ya ɗiga ruwan batir a ɗaya, ya ƙara ja. Ya ɗiga ruwan da ya jiƙa guntun rigar a ɗayan, ya koma kore-kore mai duhu. Ya ce wa alƙali ainihin gwajin yana cikin rahoto, wannan don ido ne kawai. An yanke wa ma'aikacin diyya. Ya zo gaisuwar rasuwar Baba, na ga hannuwan nasa da ya shigo gaida Hajiya.

Akwai kuma shari'o'in da ba jini ba rauni, na kamfanoni masu rigima a kan ƙirƙira. Idan mutum ya ƙirƙiro wata hanya ta haɗa abu, hukuma takan ba shi takarda cewa nasa ne, wani ba zai kwaikwaya ba sai da izininsa. Wani mai kamfanin man shafawa ya kai abokin sana'arsa ƙara, ya ce ya sace masa hanyar da yake tace man kaɗanya har warinsa ya fita. Lauyansa ya kira Baba. Baba ya gwada man kamfanonin biyu, ya je ya ga yadda kowa yake aiki, ya ce hanyoyin ba ɗaya ba ne: wannan da tururi yake fitar da warin, wancan da gawayi yake tacewa. Lauyan ya biyo shi har gida. Ina jin muryarsa daga tsakar gida yana cewa, “Alhaji, mu fa muka kira ka.” Baba ya ce, “Kun kira ni in duba, na duba. In kuna so kada in je kotu, ba zan je ba. In na je, wannan zan faɗa.” Lauyan ya yi tsammanin in an hau kan shari'a zai sassauta. Bai sassauta ba. Shi ne lauyan da ya ba da labari a zaure.

Duk waɗannan labarai ne na mutanen da ban sani ba, ina jin su ina jin daɗin surukin da Allah ya ba ni. Sai abin ya zo gidanmu.

Yayana, wanda nake bi, manomi ne a Kutama. Da maganin feshi ya shigo gari, ya sayi injin goyo yana yi wa mutane feshin ciyawa ana biyansa. Wata shekara, farkon damina, aiki ya yi masa yawa. Sai ya haɗa maganin da ruwa tun da yamma a cikin wani durom na ƙarfe, ya rufe da murfi ya ɗaure, don da safe ya ɗiba kawai ya wuce. Bayan sallar asuba, gari bai gama wayewa ba, ya buɗe durom ɗin, ya ƙyasta ashana don ya ga cikinsa. Wuta ta tashi da ƙara ta buge shi a fuska. Ya yi jinya mai tsawo a Kano. Fuskar ta warke da tabo, idon dama ya tafi.

Kowa a Kutama ya ce maganin jabu ne, an haɗa shi da fetur. In ba haka ba, yaya ruwa zai kama da wuta? Wani lauya ɗan garinmu ya ce a kai kamfanin da ke shigo da maganin ƙara, akwai diyya mai kyau. Inna ta ce ai abin ya zo da sauƙi, tunda muna da suruki wanda alƙalai ke jin maganarsa. Ita da kanta ta zo Gwarzo, ta zauna a ɗakin Hajiya, aka kira Baba.

Bayan doguwar gaisuwa Inna ta ce, “Alhaji, ɗanka ne. Yana da mata da yara, ga ido ya tafi. Ka tsaya masa.”

Baba ya ce, “Zan duba. Abin da na samu shi zan faɗa. Kin yarda?”

Ta ce, “Ai abin a fili yake.”

Ya je Kutama da kansa. Ya karɓi ragowar maganin da Yaya bai haɗa ba, wanda ke cikin wata robar ruwa ba rubutu a jikinta, don haka mai shagon yake ɗura wa manoma daga babbar jarka. Ya sa aka ɗauko durom ɗin. Ya zauna da Yaya ya yi ta tambayarsa: yaushe ya haɗa, ya rufe ko bai rufe ba, da me ya haska. Daga nan ya tafi Kano.

Da ya dawo ya aiko a karɓi bokitina na ƙarfe, irin mai farin rufi kamar kwanon rufin ɗaki, da kuma bokitin roba. Ya kai su can bayan gida inda ba kowa, ya hana yara zuwa. Ban ga abin da ya yi ba. Washegari da hantsi na ji wata 'yar ƙara, fuf, kamar an hura wuta a murhu. Jim kaɗan ya aiko a kira ni, tare da maigidana.

Na durƙusa daga gefe. Ya ce, “Malama, ina so ki ji daga bakina kafin ki ji a waje. Maganin nan ba jabu ba ne. Babu fetur a ciki. Durom ɗin ne. Irin wannan maganin in ya kwana a cikin ƙarfe mai rufin kwano, yana cin rufin, ya fitar da wata iska da ba ta da wari ba ta da launi, amma tana kama wuta. Ya rufe durom, iskar ta taru, ya kawo ashana. Na gwada a bokitinki ya yi, a na roba bai yi ba.”

Na ce, “Baba, ke nan laifin Yaya ne?”

Ya ce, “Ban ce laifi ba. Bai sani ba, kuma ba wanda ya gaya masa. Kamfanin ya rubuta gargaɗi a jikin babbar jarka, da Turanci. Shi a robar ruwa aka ba shi. Amma ƙarar da aka shigar cewa ta yi maganin jabu ne, kuma ba jabu ba ne.”

Maigidana ya ce, “Baba, ko za ka janye kawai? Ka ce ba ka da lafiya.”

Baba ya dube shi ya ce, “Lafiyata ƙalau.” Washegari ya je Kutama ya zauna da Yaya ya yi masa wannan bayanin, sannan ya shaida wa lauyan Yaya, ya ba shi shawara ya gyara ƙarar ko ya janye ta. Lauyan ya ƙi, ya ce zai nemo wani masanin. Amma lauyoyin kamfanin sun ji cewa Baba ya yi gwaji, suka nemi kotu ta kira shi. Aka kira shi, ya je.

Ban je kotun ba. Maigidana ya je, ya ce Yaya yana zaune a gaba da baƙin tabarau. Baba ya yi bayaninsa kamar yadda ya yi mini. Lauyan kamfani ya so ya tsayar da shi da zarar ya ce maganin ba jabu ba ne, Baba ya ce bai gama ba. Ya gaya wa alƙali cewa gargaɗin da manomi ba zai iya karantawa ba, kuma bai ma iso hannunsa ba, bai amfane shi da komai ba. Alƙali ya rubuta, amma ya ce ba a kan wannan aka kawo ƙara ba. Aka kori ƙarar. Daga baya dagacin garinmu ya zaunar da mai shagon da Yaya, mai shagon ya ɗauki wani abu daga kuɗin asibiti, ya kuma daina ɗura magani a robar ruwa. Iyakar abin da aka samu ke nan.

Inna ta aiko mini da saƙo cewa in ina da zuciya in taho gida. Ban tafi ba, amma na yi kwanaki ina kai wa Baba abinci in ajiye in gaishe shi in fita, ba na tsayawa hirar da muka saba. Sai wata rana da na ajiye kwano ya ce, “Malama, ki je Kutama ki kwana biyu wurin mahaifiyarki. Tana buƙatarki, kuma in ta zage ni kada ki tare mini.” Na je. Ta zage shi. Ban tare ba.

Inna ba ta ƙara taka gidan ba sai ranar gaisuwar mutuwarsa. Ko sunan 'ya'yana aike take yi. Abin da take faɗa shi ne, ba ta ce ya yi ƙarya ba, amma me zai rage shi in ya yi shiru tun farko? Na gaya mata ita ce ta roƙe shi ya duba. Ta ce ta roƙi suruki ne, ba ma'aikacin kotu ba. Har yau a nan take, kuma na daina ƙoƙarin canja mata ra'ayi.

Shi kuwa Baba, a daminar da ta biyo baya ya fara wani abu da bai taɓa yi ba. Ranar Juma'a sai ya sa a kai shi wani ƙauye, ya yi salla a can, bayan an idar ya nemi izinin liman ya yi magana. Ya je Lakwaya, ya je Gammo ta wajen Kabo, ya je wasu ƙauyukan da ban san sunansu ba. Maganar gajeriya ce: kada a haɗa maganin feshi a durom ko bokitin ƙarfe, kada a bar shi ya kwana a rufe, kada a haska shi da wuta, kada a saya a robar da ba rubutu. Kutama ce kaɗai bai je ba. Ya ce ba zai tsaya a masallacin da Yaya ke salla ya mai da shi abin misali ba. Duk kaka kuma yakan aika wa gidan Yaya da hatsi ta hannun maigidana. Inna ta ce a mayar. Matar Yaya ta karɓa.

Da girma ya kama shi, shi ya sallami kansa daga aikin. Wani lauya ya zo da kwalba, Baba ya ce masa, “Hancina ya mutu, hannuna yana rawa, jiya na karanta lamba ɗaya sau biyu na samu amsa biyu. Ka kai wa wani.” Ya ba shi sunan wata tsohuwar ɗalibarsa. Daga ranar bai ƙara karɓar aiki ba. Ya koma rediyo da jikoki da faɗan fiya-fiya, wanda yanzu Hajiya ce ke cin nasara tunda ba ya jin warin.

Jinyarsa ba ta yi tsawo ba. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya yi nauyi, aka kai shi asibiti aka dawo da shi. Ya cika da rana, bayan azahar, Hajiya da maigidana suna wurin.

Ban san wanda ya gaya wa Yaya ba. Tun ranar kotu bai ƙara haɗuwa da Baba ba, ko a biki ko a mutuwa. Maigidana ya ce suna isa maƙabarta suka gan shi tsaye a bakin kabari, babur ɗinsa a jingine da bishiya. Da aka zo saka gawa, aka ce 'ya'ya su shiga. Maigidana ya sauka. Kafin ƙaninsa ya cire takalmi, Yaya ya riga ya sauka. Su biyu suka karɓi Baba suka kwantar da shi.

Bai shigo gida gaisuwa ba, daga maƙabarta ya wuce Kutama. Sai bayan arba'in na je gida na same shi a gindin bishiyar ƙofar gidansa yana gyaran fartanya. Muka gaisa, ya yi mini ta'aziyya. Na ce, “Yaya, an ce kai ka sa shi a kabari.”

Ya ce, “Eh.”

Na ce, “Na ɗauka kana riƙe da shi.”

Ya ci gaba da buga ƙotar. Can ya ce, “Na riƙe shi, na daɗe ma. Amma duk waɗanda suka zo duba ni a asibiti, kowa cewa yake an cuce ni, in yi haƙuri. Ina kwance ina ta tunanin yadda ruwa ya zama wuta, har na fara zargin ko jifa aka yi mini. Shi kaɗai ne ya zauna ya gaya mini abin da ya same ni.”

Inna tana daga cikin zaure tana jinmu. Sai ta kira ni in zo in ci abinci.

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa kurakuransa, ya sa shaidar da ya yi ta bayarwa a duniya ta tsaya masa ranar da shi ma za a tambaye shi.